Turke Mai Lamba Sha Huɗu

Ranar da aka liƙa jerin unguwannin da za a ba filaye a kan tudu, ina shago ina kashe wa wata mata bakin zane. Kawu, ƙanen Inna, ya leƙo da warin kifinsa ya ce, "Bar keken ɗinkin nan ki zo ki karanta mana, idona ba ya ganin ƙananan rubutu."

Ba laifin idon ba ne. Kawu bai iya karatu ba, shekara hamsin ke nan yana ɗora wa idonsa sharri. Na tashi na bi shi.

A bangon makarantar firamare aka manna takardar. Unguwa goma sha ɗaya ne a ciki. Na karanta daga sama zuwa ƙasa, na sake daga ƙasa zuwa sama, har na ɗaga gefen takardar na leƙa bayanta. Babu tamu.

To, ku ji inda muke zaune. Ina yarinya, tsakanin gidanmu da teku akwai layin gidaje huɗu da filin ƙwallo. Yanzu in ka buɗe ƙofarmu, mita goma sha ɗaya ne zuwa ruwa. Mu ne gidan farko. Inna ta daina share ƙofar gida, ta ce wanda ya fi ta zafin nama ya karɓi aikin. A rediyo suna cewa duniya ce ta ɗau zafi, wata ƙanƙara can ƙarshen duniya take narkewa, shi ya sa teku ke cika. Ni dai ban taɓa ganin ƙanƙarar nan ba. Ta firjinmu ma ba ta samun daskarewa saboda rashin wuta, amma ga ta wasu mutane ta narke ta biyo mu har bakin ƙofa. Cikin unguwannin da aka rubuta akwai wadda ko gida biyar ba ta rasa ba. Mu mun rasa sama da sittin.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne Baba. Mahaifina shi ne mai awon gaɓa na unguwarmu. Shekara goma sha tara da suka wuce, ofishin kula da gaɓar teku ya zo ya kafa turken ƙarfe, aka rubuta masa lamba sha huɗu, aka miƙa wa Baba tef mai mita hamsin da littafi. Aikin ke nan: duk ranar Litinin da safe ya maƙala bakin tef a jikin turke, ya ja zuwa inda ruwa ya tsaya, ya rubuta abin da ya gani. Ƙarshen wata ya kai ofis a sa hannu. Bai taɓa fashi ba. Ranar da aka haifi ɗana na fari Litinin ce, sai da ya yi awonsa sannan ya zo asibiti, da yashi a ƙafa.

Da na gaya masa babu sunanmu, ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Kuskure ne na mai buga takarda. Duk gaɓar nan babu mai littafi irin nawa. Gobe za mu je."

Washegari ya sa farar rigarsa, ya ɗaure littattafai goma sha tara da igiya, muka hau mota zuwa ofis. Ni na ɗauko kayan, shi ya ɗauko girma.

Wata injiniya muka samu, sabuwa ce, mai tabarau, tana magana a hankali kamar mai lallashin jinjiri. Da ta ji lambar turken sai ta miƙe tsaye. "Kai ne na sha huɗu? Baba, sannu da ƙoƙari. Da littafinka ake koya wa sababbin ma'aikata aiki."

Baba ya gyara zama ya kalle ni ta gefen ido.

Na ce, "Ranki ya daɗe, to me ya sa babu mu a jerin?"

Ta juyo mana da kwamfutarta. "Saboda ku ba ku da matsala. Duba nan. Gaɓarku tana raguwa a hankali, daga mita arba'in zuwa goma. Sai kuma cikin mako guda ta koma arba'in. Sau shida tana yin haka. In aka haɗa aka raba, shekara goma sha tara teku bai ci muku ko taku ɗaya ba. Yana ci yana amayarwa. Babu irinta a ko'ina. Akwai ma wanda ya yi digirinsa na uku a kan yashinku."

Sai na tuna wasu mutane da suka taɓa zuwa da manyan huluna suna ɗibar yashi a kwalabe. Inna har ruwa ta ba su.

"Sauran wuraren fa," in ji ta, "turakunsu duk ruwa ya cinye. Mai lamba sha uku kaɗai turaku huɗu ya rasa."

Baba ya yi tsaki. "Sakaci ne. Kayan hukuma a hannunka, kana kallo ruwa ya tafi da shi? Ni nawa tun na farko ne. Fenti kawai nake sake masa."

Injiniya ta dube shi. Ta ce, "Baba, yaya aka yi ruwa bai taɓa kai masa ba?"

"Ai ba na bari. Da na ga awo ya sauko goma, sai in tone shi in ja shi baya mita talatin cif, in sake kafawa da siminti. Sau shida na cece shi."

Wallahi da fara'a ya faɗa.

Ni tela ce, awo ne abincina, na san in kana auna tsawon riga ba ka matsar da inda ka fara. Amma shekara goma sha tara ina kallon abin nan da idona, ko sau ɗaya bai taɓa faɗo mini a rai ba. Kuma ba ni kaɗai ba. Duk ranar da za a matsar da turke, rabin unguwa ke fitowa. Kawu ke kawo diga. Maƙwabta su kama, a ɗaga, a yi ta yi wa Baba kirarin riƙon amana. A karo na huɗu ni da kaina na riƙe masa bakin tef don talatin ɗin ta fita daidai.

Injiniya ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta sake cirewa. Ta ce, "Shida sau talatin."

"Ɗari da tamanin," in ji Baba. Lissafi ba ya ba shi wahala. Sai da lambar ta fita daga bakinsa sannan ya ji ta. Na ga hannunsa ya sauka daga kan littattafan ya koma cinyarsa.

Na ce, "To shi ke nan, an gano. A gyara."

Ta ce ba a gyarawa. An sa hannu a kowane shafi, an tura hedikwata, hedikwata ta tura ƙasashen waje, an buga a littattafai. Na ce to ta zo ta gani da idonta, mota ɗaya ce. Ta ce ta yarda da ni ɗari bisa ɗari, amma ido ba ya cikin ƙa'ida. Ƙa'ida hanya biyu ta sani: ko littafi ya nuna an rasa mita ɗari, ko turke ya shiga ruwa. Za a yi ƙarin jeri, ana rufewa ƙarshen wata.

"Saboda haka, Baba, don Allah kada ka sake motsa shi daga wurinsa. Ranar da ruwa ya ci shi, ku kira ni. Yanzu mita nawa ne?"

"Talatin da huɗu," in ji Baba, murya ƙasa-ƙasa.

Na ce, "Ranki ya daɗe, turken a bayan gidanmu yake. Kafin ruwa ya kai masa sai ya bi ta ɗakin Inna."

Ta danna wani abu a kwamfuta ta ce, "A yadda yake ci yanzu, shekara guda da 'yan watanni ne." Ta faɗa kamar mai yi mana albishir. Ba muguwa ba ce, ta raka mu har bakin ƙofa, ta ce mu gaida gida.

Kafin mu sauka daga mota labari ya riga mu isa, don ni na kira Kawu a waya, kuma gaya wa Kawu magana daidai yake da sa ta a lasifika. Mutanen da suka kama turken da hannunsu su ne suka fi kowa kumfar baki. Wani ya ce shi dama tun farko abin bai kwanta masa ba. Shi ne fa mai kawo siminti. Babu wanda ya zagi Baba a fuska, sai dai aka daina amsa gaisuwarsa da kyau, kuma a unguwa irin tamu wannan ya fi zagi ciwo.

A tsakar gida na same shi zaune a kan benci, littattafan na gefensa ba a kwance igiyar ba. Inna tana tsince shinkafa, ba ta ɗaga kai ba.

Na ce, "Baba, abin mai sauƙi ne. Mu tone shi mu kafa a bakin ruwa. Kwana biyu ya tafi da shi, mu kira ta."

Ya ce, "Wannan ha'inci ne."

"Ha'inci? Sau shida ka ja shi baya!"

"Wancan adanawa na yi. Wannan cuta ce, Uwata." Haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Ban taɓa rubuta abin da ban gani ba."

Raina ya ɓaci, kuma in raina ya ɓaci bakina ba shi da birki. Na ce masa gidaje arba'in ne suka rage, da yara da tsofaffi, duk ya ja musu. Na ce shekara goma sha tara yana auna iska. Na ce da bai iya rubutu ba kamar Kawu da yanzu muna da fili.

Inna ta ce, "Ke." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Baba ya tashi ya shiga ɗaki. Na tsaya ina huci, ina jiran in ji sanyi tunda na faɗi gaskiya, sanyin bai zo ba. Kunya ce ta zo, da tausayinsa, har na ji haushin kaina. Mutumin nan bai taɓa cin ko allurar wani ba. Abu ɗaya yake taƙama da shi a duniya, ni kuma na taka shi a gaban matarsa.

Kwana huɗu ba ya fita. Abinci sai Inna ta tsaya a kansa. A cikin kwanakin ruwa ya kwashe katangar bayan gidan maƙwabcinmu da rana tsaka, da akuya ɗaure a jiki. An ceto akuyar.

Ranar Litinin da safe na zo kawo wa Inna magani, sai na ji ƙarar diga a bayan gida. Na zagaya. Baba ne, ya tuɓe riga, yana fasa simintin da ya zuba da hannunsa. Kawu na tsaye yana kallo.

Na ce, "Baba, ba ta ce kada a motsa shi ba?"

"Daga wurinsa ta ce. Nan ba wurinsa ba ne. Ni na kawo shi nan." Ya share gumi. "Zan mayar musu da kayansu inda suka ajiye."

"Inda suka ajiye ai yana tsakiyar ruwa."

"Shi ya sa na kira kawunki."

Mu uku muka ɗauki turken, da guntun siminti a gindinsa, muka bi ta lungu muka sa a kwalekwalen Kawu. Mutane suka fito ƙofar gidajensu suna kallo, babu wanda ya kama mana wannan karon. Ban taɓa son shiga kwalekwale ba, amma na shiga, don ban yarda in bar tsofaffi biyu da ƙarfe a kan ruwa ba.

Baba ya zauna yana fuskantar unguwa, ya ba teku baya. Ya ce wurin yana inda tankin ruwan asibiti ya yi daidai da kusurwar rufin makaranta, haka injiniyan farko ya nuna masa. Yana ɗaga hannu, Kawu na tuƙi. "Dama kaɗan. Ya yi yawa. Dawo."

Da muka ɗan yi nisa sai ya fara magana, ba da mu ba. "Nan ne mazaunin turke na biyar. Nan gidan mai gyaran rediyo. Na huɗu, kusa da famfo." Na leƙa, babu abin da ake gani sai ruwa mai launin shayi. "Nan shagon aski. Nan aka yi layi na biyu, gidan da kika koyi tafiya, kafin mu gina na yanzu. Akwai bishiyar lemo a ƙofar."

Kawu ya ce, "Lemon tsami ne, ba ya ma 'ya'ya."

"Yana yi. Kai ne kake sacewa."

Muka wuce filin ƙwallo. Kawu ya ce a nan ragarsa ke yawan maƙalewa, yana zaton ƙarfen gola ne. Daga nan unguwarmu ta koma 'yar ƙarama. Na hango Inna tsaye a ƙofa, da ruwa kusan a ƙafarta. Ban taɓa ganin gidanmu daga wannan ɓangaren ba, sai a lokacin na tsorata da gaske.

"Tsaya," in ji Baba. Ya rufe ido ɗaya ya duba tanki da rufi. Ya sa Kawu ya ja baya taku biyu, kamar ana taku a ruwa. Sannan ya sa gefen rigarsa ya goge lambar da ke jikin turken, ɗaya da huɗu, har suka yi ƙyalli. Muka ɗaga, gindin siminti a ƙasa. Ya ce a sake shi a hankali don ya tsaya a miƙe.

Muka saki. Ya nutse, ya bar 'yan kumfa.

Baba ya daɗe yana leƙen ruwan. Ya ce, "Ya karkace."

Kawu ya ce, "Wa zai gani?"

"Ni na gani."

A hanyar dawowa ya buɗe littafin bana a kan gwiwarsa, ya rubuta kwanan wata. A gurbin mita ya tsaya, biro a sama. Ya tambaye ni yadda ake rubuta awo in ruwa ya wuce turke. Na ce ban sani ba, a ɗinki ba ma samun irin wannan. Ya bar gurbin babu komai, karo na farko.

Injiniya ta zo ranar Laraba da motar ofis. Ta sauka da takalmi mai tsini, ta dube shi, ta dubi yashi, ta cire ta riƙe a hannu. Unguwa duk ta taru. Ta zagaya bayan gidanmu ta ga rami da fasasshen siminti, busasshe ƙayau, mita talatin da wani abu daga ruwa. Ta dawo gaba.

"Baba, ina turke?"

Ya nuna mata teku.

"Ruwa ne ya ci shi?"

Kalma ɗaya ce, i, kowa a wurin zai rantse a kanta. Kawu har ya buɗe baki.

Baba ya ce, "A'a, ranki ya daɗe. Ni na kai shi. Yana daidai inda ofishinku ya kafa shi ranar farko. In kina so a kai ki."

Wata mata a bayana ta ce innalillahi. Ni kuwa na ce a raina shi ke nan, tsohon nan ya gama da mu.

Injiniya ta dubi ruwan, ta dubi ƙofarmu, ta dubi guntun katangar maƙwabci. Ta buɗe fayil ta karanta wani layi da yatsa, leɓenta na motsi. Ta ce, "Ƙa'ida ta ce, idan turke yana cikin ruwa a wurin da aka kafa shi." Ta sake karantawa. "Ba ta tambayi yadda ya je ba." Ta cike takardar a kan murfin mota, ta buga hatimi. Mun zama na goma sha biyu.

Aka ɓarke da murna. Mai siminti ya rungume Baba yana cewa shi dama ya san mutumin kirki ne.

Injiniya ta jira hayaniya ta lafa, sannan ta ce akwai sauran abu ɗaya. Tunda babu turke, babu tashar awo ta sha huɗu. Tunda babu tasha, babu mai awo. Tef da littafi kayan ofis ne.

Baba ya shiga ya ɗauko. Ya warware tef ɗin gaba ɗaya a tsakar gida, mita hamsin, ya bi shi da tsumma yana gogewa yana naɗewa, muna tsaye muna jira. Ya miƙa mata da hannu biyu. Ya ce, "Wa zai riƙa aunawa yanzu?"

Ta ce babu kowa. A wurin ofis an gama da nan.

Inna ce ta yi tambayar da ta kamata. "'Yata, yaushe za a ba mu filin?"

"Wata shida, Inna, in komai ya tafi daidai."

Baba ya dubi ƙofa, ya dubi ruwa. Ya ce, "Daga ƙofa zuwa ruwa mita tara da rabi ne yau. Ɗakin gaba wata huɗu gare shi. In an yi iska, uku."

Ta buɗe fayil ɗin ta duba gaba da baya. Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba ni da gurbin da zan rubuta wannan." Ta sa takalminta ta shiga mota.

Mutane suka watse suna ta lissafin wanda zai samu fili kusa da titi. Baba ya tsaya yana kallon rufin ɗakin gaba, ɗakin da ya gina da hannunsa shekarar da aka yaye ƙanena. Ya ce kwanon yana da sauran kyau, katakon ma haka, asara ce a bar wa ruwa. Ya ce wa Inna ta kwashe kayanta ta koma ɗakin baya. Ya ɗauko guduma, ya jingina tsani a bango, ya taka matakala biyu, tsanin ya yi rawa a cikin yashi.

"Uwata," ya ce, "zo ki riƙe mini."